Maganar da gajiya ta fitar, ta mai ita ce ko ta gajiyar?

Alhaji Sabo (Mile 12): Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwa, ina da wata damuwa a gidana wadda na ga ya dace in kawo ta gabanku, tunda a cikinmu akwai malamai da ma'aikatan lafiya da dattawan da suka riga ni zuwa Ikko da shekaru masu yawa. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya zo daga gida shekara biyu da suka wuce, na sama masa aikin gadin dare a wani gida a Lekki. Da ya ga albashin ba ya kai shi ko'ina, sai ya karɓi keke Marwa a hannun wani mutum yana ja da rana a unguwannin Ajah, yana biyan balas kullum. Yaron nan a iya sanina mai kunya ne, ko ido ba ya iya haɗawa da ni, amma a watanni ukun nan ya zama wani mutum dabam. Harshensa ya yi nauyi, yana jan kalmomi kamar wanda ya sha wani abu, yakan ɗauko zance ya sake shi a tsakiya ya bar mutum yana jira, kuma abin da bai kai ya kawo ba sai ya harzuƙa shi. Ranar Juma'ar da ta wuce na tambaye shi kuɗin da yake aika wa mahaifiyarmu, sai ya ɗaga mini murya a gaban 'yan dako da yaran rumfata, ya ce tun yana ƙarami nake danne shi, kuma an mayar da shi jakin gida. Washegari ya zo da hawaye yana ba da haƙuri, wai shi kansa bai san yadda maganar ta fita ba, gajiya ce. Tambayata ita ce, gajiya tana iya sa mutum ya faɗi abin da ba ya ransa, ko kuwa abin da ya daɗe yana ɓoyewa ne ya fito fili?

Malam Tanimu (Agege): Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya kyauta. Shekarata 41 a garin nan, na zauna da masu gadi da 'yan dako da mahautan Oko-Oba waɗanda suke kwana a tsaye, ban ga gajiya ta koya wa ɗayansu yi wa yayansa tsawa ba. Guga ba ya fitowa da abin da babu shi a rijiya. Abin da ya faɗa yana ransa tun tuni, kunya ce ta rufe shi, yanzu kuwa ya fara riƙe kuɗin kansa, kunyar ta kama gabanta. Game da nauyin harshen nan kuma, ina ba ka shawara ka binciki aljihunsa, domin kowa ya san abin da tiramol ya yi wa samarinmu masu jan keke da babur.

Hajiya Maimuna (ma'aikaciyar jinya, Idi-Araba): Baba Malam, Allah ya ƙara girma. Maganar ƙwaya tana kan hanya, ba zan ce kada a bincika ba, amma kafin a kai ga aljihunsa ina roƙon Alhaji ya zauna da biro da takarda ya lissafa mana awa nawa yaron nan yake barci a cikin awa 24. Mutumin da yake tsaron ƙofa tun bayan magariba har gari ya waye, sannan ya hau keke har la'asar, ban ga inda barci ya samu gurbi a rayuwarsa ba, alhali baligi yana buƙatar awa 7 zuwa 9.

Kamannin da Alhaji ya gani da wanda ya sha wani abu ba kuskuren ido ba ne. A 1997 wasu masu bincike a Ostireliya sun gwada mutanen da aka hana barci da mutanen da aka ba giya, suka tarar cewa wanda ya yi awa 17 a farke, saurin hannunsa da idonsa yakan ragu daidai da na wanda giya ta kai kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa, wanda ya cika awa 24 kuwa ya yi daidai da mai kashi 0.10. Ke nan mutum yana iya zama bai taɓa sa abin maye a bakinsa ba, amma ya yi tafiya da magana irin ta mashaya.

Sai batun gugan Baba. Na yarda guga ba ya ƙirƙirar ruwa, amma idan aka dama rijiya, laka yake ɗaukowa, kuma ba wanda zai ce wannan lakar ita ce ruwan rijiyar. A ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙaramin sashe da ake kira amigdala, wanda yake tayar da fushi da tsoro, akwai kuma sashen gaba da ke bayan goshi, wanda yake auna magana ya yi mata linzami kafin ta fita. A 2007 Matthew Walker da abokan aikinsa a Amurka sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutanen da suka yi kimanin awa 35 ba barci, suka ga amigdalarsu tana zabura fiye da ta waɗanda suka yi barci da sama da kashi 60 cikin ɗari, kuma alaƙarta da sashen gaban ta yi rauni. Doki ya ƙara zafi, linzami ya sassauta, duk a lokaci guda. Ni kaina, a makon da nake aikin dare, nakan yi wa 'yata tsawa a kan cokalin da ta yar, in dawo ina jin kunyar kaina.

Malam Tanimu (Agege): 'Yata, kin ba da misalin cokali, shi kuwa yaron nan ba a kan cokali ya yi magana ba. Cewa ya yi ana danne shi tun yana ƙarami. Wannan magana tana da tarihi, ba daren jiya aka haife ta ba.

Isuhu Direba (Apapa): Ina gaida manya. Ni ba malami ba ne, amma shekarata 16 ina jan tanka tsakanin Apapa da Arewa, kuma abin da Hajiya ta faɗa na gan shi a jikina. Kafin a gyara tsarin shiga tashar jiragen ruwa, mun sha yin kwana huɗu ko biyar a layi, ba ka isa ka kwanta sosai ba, domin da ka runtsa layi zai motsa wani ya shige gabanka. Ka yi lodi a wannan hali, sannan ka kama hanyar Kano mai kimanin kilomita 1,000. A dare na biyu nakan ji bakina ya ƙi bin umarnina. Ina so in ce wa yaron motata ya miƙo mini ruwa, sai in ce ya miƙo mini taya, shi kuma ya tsaya yana kallona, ni kuma in hau shi da faɗa don bai gane ba. Akwai daren da na taka birki da ƙarfi bayan mun wuce Jebba, saboda na ga garken shanu ya cika titi, yaron ya rantse mini babu ko akuya.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne barcin da yake zuwa ido a buɗe. Za ka ga ka wuce wani ƙauye, ba ka tuna lokacin da ka shiga shi ba. Hausawa da suka ce barci ɓarawo ne, direba suka tambaya. Goro da Nescafe da lemon ƙara kuzari duk na sha, suna buɗe ido, amma ba sa mayar da hankali mazauninsa.

Hajiya Maimuna (Idi-Araba): Malam Isuhu, wannan ɗan ɗaukewar da ka kwatanta sananne ne a wurin likitoci, yakan ɗauki daƙiƙa kaɗan, kuma sau da yawa mai shi ba ya sanin ya faru. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, saboda haka ɗaukewar daƙiƙa 4 ta fi tsawon filin ƙwallo, babu kowa a kan sitiyari. Goro da kofi kuma aikinsu ɗaya, domin dukansu suna ɗauke da kafeyin. Muddin mutum yana farke, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwarsa, shi ne yake sa jin barci. Kafeyin ba ya kwashe shi, toshe wurin da yake sauka kawai yake yi, kamar wanda ya toshe kunne don kada ya ji sallamar mai bin sa bashi. Mai bashin yana nan a ƙofa. Ga shi kuma bayan kimanin awa 5 rabin kafeyin ɗin yana nan a jini, don haka goron da aka ci da la'asar yana iya ɓata ɗan barcin da za a samu da dare.

Ustaz Nuhu (Obalende): Bismillah. Wannan mas'ala shari'a ba ta bar ta ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci wanda gyangyaɗi ya kama yana salla da ya kwanta har barcin ya sake shi, domin mai salla yana gyangyaɗi bai sani ba, wataƙila ya tafi neman gafara sai ya zagi kansa. Ku duba da kyau. Mutum yana tsaye gaban Ubangijinsa, niyyarsa istigfari, amma harshe ya juya masa maganar. Babu mai hankalin da zai ce zagin kansa ne yake ɓoye a ransa. Haka nan hadisin da ya hana alƙali yin hukunci yana cikin fushi, malaman fiƙihu sun haɗa da shi duk abin da ke dagula tunani, kamar matsananciyar yunwa da ƙishirwa da rinjayen barci.

Sai dai kada a wuce gona da iri. Wanda aka ɗauke wa alƙalami shi ne mai barci har ya farka, ba wanda ya gaji yana farke ba. Ƙanen Alhaji ya yi laifi da ya ɗaga wa yayansa murya a bainar jama'a, kuma ya kyauta da ya nemi afuwa. Gajiya tana rage nauyin zargi, ba ta share shi. Akwai ma wani laifin da ba a ambata ba, wato wanda ya yi wa jikinsa, tunda an gaya wa Abdullahi ɗan Amru cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa, idonsa ma yana da haƙƙi a kansa, alhali shi ibada ce ta hana shi barci, ba keke ba.

Bashir (ɗalibi, Akoka): Allah ya gafarta Malam, abin da ka kawo ya yi daidai da wani gwaji da muka karanta. A 1997 Harrison da Horne na jami'ar Loughborough a Ingila sun hana mutane barci na awa 36, suka sa su karatu a bayyane da kuma kawo kalmomi. Muryoyinsu suka zama shimfiɗaɗɗu, babu hawa babu sauka, kuma suka riƙa kewaya a kan kalmomi masu kama da juna, sabuwar kalma tana yi musu wuyar samu. Tun kafin wannan, daga ƙarshen 1963 zuwa farkon 1964, wani saurayi ɗan shekara 17 mai suna Randy Gardner a San Diego ya yi awa 264 bai yi barci ba, wato kwana 11. Maganarsa ta riƙa sarƙewa, ya zama mai saurin fushi da zargin mutane, har ya fara ganin abin da babu. A rana ta ƙarshe aka ce ya riƙa cire 7 daga 100, da ya kai 65 sai ya tsaya, aka tambaye shi dalili, ya ce ya manta abin da yake yi. Wannan shi ne sakin zance a tsakiya da Baba Alhaji ya gani.

Maman Khalifa (Ketu): Salamu alaikum. Ku yi haƙuri in shigo da tawa, domin ta yi kama da wannan ta wani gefen, ta wani gefen kuma ta saɓa. Maigidana ba ya gadi, ba ya tuƙi, ƙarfe goma ya kwanta, sai asuba. Amma duk da haka da rana kamar wanda ya kwana yana dako. Yana cikin magana da baƙi sai ka ga kansa ya langaɓe, a huɗubar Juma'a yaransa sun gaji da taɓa shi, ga mantuwa, ga faɗa a kan abin da da can dariya yake ba shi. Shekara 19 muna tare, ban san shi da haka ba sai a 'yan shekarun nan da ya yi jiki. Minsharinsa har maƙwabta suna ji, kuma yakan yi shiru ɗif kamar numfashin ya tsaya, in zauna ina kallon ƙirjinsa gabana yana faɗuwa, sai can ya ja wani gurnani kamar wanda aka shaƙe. Idan na gaya masa sai ya ce sharri nake yi masa.

Alhaji Garba (Alaba Rago): Hajiya, minshari ai alamar barci ya yi daɗi ne, kuma alamar mutum ya samu kwanciyar hankali. Mahaifina ya yi minshari har ya bar duniya. A bar bawan Allah ya huta.

Hajiya Maimuna (Idi-Araba): Alhaji Garba, Allah ya jiƙan Baba. Minshari kala-kala ne, kuma wanda Maman Khalifa ta kwatanta ba na hutu ba ne. Yaya, abin da kike zaune kina kallo da dare shi ne ainihin alamar da likita zai tambaye ki. Ciwon ana kiran sa ɗaukewar numfashi a cikin barci. Idan mutum ya yi barci naman maƙogwaronsa yakan saki, a wurin wasu har ya rufe hanyar iska na daƙiƙa 10 ko fiye. Iskar da ke cikin jini ta ragu, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashe shi na ɗan lokacin da ba zai iya tunawa ba, ya ja numfashi da wannan gurnanin, ya koma, a sake. Idan hakan ya kai sau 30 a awa guda ana lissafa shi mai tsanani. Ki auna mutumin da ake girgizawa kowane minti biyu tun daga goma har asuba, sannan a ce da safe ya yi fara'a. Ya yi awa bakwai a kan katifa, amma bai samu barcin kirki ba.

Ya fi kama maza, musamman masu ƙiba da kaurin wuya da waɗanda shekaru suka fara ja. Sukan tashi da ciwon kai da bushewar baki, sukan yawaita fita fitsari da dare, kuma yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da hawan jini, har ma yakan sa hawan jinin ya ƙi jin magani. Tunda yana cewa sharri ne, ki ɗauki sautinsa a waya na minti biyar ki kunna masa shi kaɗai, ba a gaban yara ba, sannan ku je babban asibiti ku nemi ganin likitan kunne da hanci da maƙogwaro ko likitan ƙirji, su ne za su tura shi gwajin barci. Rage ƙiba da kwanciya a gefe maimakon rigingine suna taimakawa. Akwai kuma na'urar CPAP, wadda Colin Sullivan ya fito da ita a Sidni a 1981, tana hura iska a hankali ta hanci don hanyar ta zauna a buɗe. Ba zan ɓoye miki ba, tana da tsada, kuma tana son wuta har gari ya waye, wanda a Legas wannan ma wani lissafi ne. Abu ɗaya da zan roƙa, kada ya sayi maganin barci a kemis, domin yana ƙara sakin naman maƙogwaron.

Malama Zainab (Agege): Ina koyarwa a firamare da safe, Islamiyya da yamma, kuma ina so iyaye su ji wannan. Babba idan bai yi barci ba lafewa yake yi, yaro kuwa sau da yawa tashi yake yi kamar an kunna shi: surutu ba kan gado, tsokana, kuka a kan fensir, kasa zama wuri ɗaya. Muna kiran sa mai ƙiriniya mu ɗauko bulala. Da na fara tambayar irin waɗannan yara lokacin kwanciyarsu, sai na tarar wasu sai sha biyun dare, ko don zafi da ƙarar janareton maƙwabta, ko don suna jiran uba ya fito daga gosulo a ci abinci tare, ga shi ana tashin su kafin asuba saboda a riga cunkoso fita. Yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12. Wanda kuma yake minshari kullum yana kwana baki buɗe, a kai shi a duba naman maƙogwaronsa da na bayan hancinsa, domin kumburinsu yana hana yara barci kamar yadda Anti Maimuna ta bayyana a kan manya.

Ɗanlami Tela (Idi-Araba): Tunda ana maganar ko abin da baki ya faɗa shi ne ke cikin zuciya, ni ma ina da tambaya. Matata ta ce na ambaci sunan wata mace cikin barci, yau kwana tara ke nan ba ta sake mini fuska ba. Wallahi sunan wata mai kawo ɗinki ne da ta dame ni a kan kayan bikinta, na yi kwana uku ina raba dare a kan keken ɗinki saboda ita.

Ustaz Nuhu (Obalende): Malam Ɗanlami, kai kam alƙalami a ɗauke yake daga kanka. Malamai ba su ɗauki furucin mai barci a matsayin iƙirari ko shaida ba, ko saki ya furta bai auku ba. Ka gaya wa iyalinka haka cikin lumana.

Hajiya Maimuna (Idi-Araba): Ta fuskar lafiya ma haka ne. Magana cikin barci ta fi yawa ga yara, ga manya kuma rashin barci da damuwa da zazzaɓi suna tayar da ita, kuma yawancinta guntayen kalmomi ne da ba su da kai balle gindi. Wadda ake kai wa likita ita ce ta dattijon da ya fara ihu da naushi da shuri yana bin mafarkinsa da jiki, domin a barcin mafarki jiki a sake ya kamata ya kasance, kuma an gano cewa da yawa daga masu wannan matsala daga baya ciwon Parkinson, mai sa karkarwar jiki, yakan bayyana gare su. Dannau kuwa kishiyar wannan ne: hankali ya farka, jiki bai gama fita daga sakin nan na barcin mafarki ba, sai mutum ya kasa motsi ya kasa magana na ɗan lokaci. Masu aikin dare da masu kwana rigingine sun fi fama da shi.

Amma akwai gargaɗin da ya fi duk wannan muhimmanci, kada muhawarar nan ta sa mu riƙa ɗora wa gajiya kowane nauyin harshe. Idan maganar mutum ta sarƙe farat ɗaya, ko bakinsa ya karkace, ko hannu ɗaya ya mutu, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce, asibiti za a nufa a lokacin, ba a ce ya kwanta ya huta zuwa safe ba. Mai ciwon suga da ya fara sambatu yana gumi, a fara tunanin sugansa ya faɗi. Wanda kuma ya yi kwanaki ba ya barci amma ba ya jin gajiya, yana zuba magana ba tsayawa yana shirya manyan abubuwa, wannan likitan ƙwaƙwalwa yake buƙata, irin waɗanda ke asibitin Yaba.

Malam Tanimu (Agege): Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma hadisin da Ustaz ya kawo ya sa na sassauta. Na janye maganar aljihu har sai an ga hali. Amma ban janye maganar rijiya ba. Direba ya ce taya a maimakon ruwa, wannan tuntuɓen harshe ne. Tela ya ambaci mai ɗinki, wannan mafarki ne. Shi kuwa yaron nan jimla ya haɗa mai kai da ƙafa, ya ce jakin gida. 'Yata ta ce laka ce, to, na yarda, amma lakar ma a cikin rijiyar take kwance, ba daga sama ta faɗo ba. Alhaji, ka yi mini haƙuri in tambaye ka a gaban jama'a, tunda a gaban jama'a ka kawo maganar: kuɗin da yake aika wa gida, shi ya yanka wa kansa ko kai ka yanka masa?

Hajiya Maimuna (Idi-Araba): A nan kam ba ni da ja, Baba. Abin da zan ƙara kawai shi ne gajiya tana kumbura abu. Ƙorafin da a ranar hutu bai fi ƙwayar gero ba, wanda mutum zai iya faɗa cikin ladabi ko ya haɗiye, a rana ta casa'in ba barci sai ya zama dutse. Girman da maganar ta fito da shi na gajiya ne, ƙwayar kuwa mai yiwuwa tasa ce.

Alhaji Sabo (Mile 12): Na yi shiru kwana biyu ne saboda na je na yi abin da Hajiya ta ce. Na same shi a Ajah na zaunar da shi muka yi lissafi. Yana barin gadi ƙarfe shida na safe, ya karɓi keke ƙarfe bakwai, ya kwanta a kujerar baya wajen awa ɗaya da rabi bayan azahar idan fasinja sun yi sauƙi, ya mayar da keke ƙarfe biyar, ya ɗan runtsa kafin magariba. A wurin gadi kuma maigidan ya sa masa ƙa'idar buga ƙarfe kowace awa don a san yana farke. Duka-duka bai cika awa uku ba, kuma a gutsure. Na tambaye shi maganar ƙwaya, ya rantse bai taɓa ba, ya juye mini aljihunsa da kansa, goro ne da ƙullin Nescafe. Ya kuma gaya mini abin da ya ɓoye, cewa makonni biyu da suka wuce ya tsinci kansa da keke a bakin kwata da fasinja uku a ciki, bai san yadda aka yi ba.

Baba Malam, amsar tambayarka ita ce ni na yanka masa, kuma da na yanka ban tambayi nawa ne albashinsa ba. Adadin da na sa masa ya kusa cinye albashin gadin gaba ɗaya, shi ya sa ya nemi keken.

Na karɓi makullin na mayar wa mai shi, na biya balas ɗin kwana huɗun da ake bin sa, na kawo shi gidana a Ketu. Ya kwanta bayan isha'i, da ƙyar muka tashe shi sallar asuba, ya koma sai da aka yi kiran azahar. Da ya tashi ya gaishe ni a tsugune kamar da, amma har yanzu maganar tasa a hankali take fita.

Hajiya Maimuna (Idi-Araba): Alhaji, dare ɗaya ba ya biyan bashin wata uku, ka ba shi mako biyu yana kwanciya da tashi a lokaci ɗaya, kuma ya bar goro daga azahar. Idan bayan haka harshen bai saki ba, ka kawo shi a duba shi, kada a tsaya jira.

Alhaji Sabo (Mile 12): In sha Allahu. Na kira mahaifiyarmu na gaya mata daga wannan watan rabonsa ya dawo kaina. Aikin gadin ma ina so ya bari, don haka duk wanda ya san inda ake neman yaron shago ko mai lissafin kwanduna da rana a wajen Ketu ko Mile 12, ya yi mini magana ta gefe. Yana da karatun sakandare, kuma hannunsa yana da kyau a rubutu.